Kafin ka ɗaura wa Subaru 'yar tirelar kwana a daji

Wani ɗan'uwa mazaunin Denver a jihar Kolorado ne ya aiko da tambayar. Shi da maiɗakinsa da 'yarsu mai shekara 3 suna son fita daji a ƙarshen mako, amma sun gaji da kafa tanti da kwance shi cikin sanyi da iska. Motarsa Subaru Outback ce mai injin lita 2.5. Ya ga irin 'yar tirelar nan mai siffar ɗigon hawaye, wadda Amurkawa ke kira tiyadirof, mai manyan tayoyi da aka ce tana shiga ko'ina, kuɗinta ya haura dala 30,000. Yana so ya san wacce zai zaɓa, da kuma abin da riƙonta ke bukata.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa alheri. Aikina gyaran ƙananan tireloli ne, birki da boris da walda, kuma na yi shekaru ina jan tawa a hanyoyin Yuta da Arizona. Zan gaya maka abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo garejina da hoton tirela a wayarsa yana murna: ka ajiye hoton tukuna. Wannan ciniki daga ƙofar motarka yake farawa, daga nan kuma sai ƙarƙashin tirelar. Fenti da fitilu da kyawun kicin su ne na ƙarshe.

Asalin wannan tirela abu ne na masu ƙaramin ƙarfi. A shekarun 1930 ta fara yaɗuwa a Amurka, mujallun masu aikin hannu suna buga zanenta mutum ya ƙera abinsa a bayan gida. Bayan yaƙin duniya na biyu aka riƙa yin ta da ragowar alminiyam na jiragen sama da wilin motocin Jeep na soja. Girmanta ƙafa 4 ne da ƙafa 8, daidai falle guda na katako: gado a ciki, kicin a baya ƙarƙashin murfi, shi ke nan. Duk hikimarta rashin nauyi ce, ta yadda ƙaramar mota za ta ja ta. Da aka zo yin ta daji, sai aka ƙara mata ƙarfe, da manyan tayoyi, da tankin ruwa, da akwatin kaya a wuya, har ta ninka nauyin kakarta. Nan ne masu mota irin taka suke faɗawa rami.

Buɗe ƙofar direba, ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Akwai layin da ya faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. A yawancin Outback da na gani wajen fam 900 ne, wato kilo 408. Sannan ka ɗauko littafin motar. A samfurin 2020 zuwa sama mai injin 2.5, iyakar abin da za ta ja fam 2,700 ne, nauyin da wuyan tirela zai ɗora a kan ƙwallon jan tirela da ke bayan motar kuma kada ya wuce fam 270. Idan tirelar ba ta da birkinta, iyakar ta sauko fam 1,000. Lambobin nan uku su ne alƙalan cinikin.

Mu yi lissafi da irin wadda ka gani. A ce nauyinta ba kaya fam 1,800 ne, kuma ka sani wannan adadin sau da yawa bai haɗa da rumfa da safayar taya da batir na biyu ba. Ka cika tankin ruwa na galan 20, ka ƙara fam 167 ke nan. Ga firji da abinci, ga tukunyar gas, ga tukwane da kujeru da barguna da kayan gyara. Ban cika ganin iyalin da kayansu suka gaza fam 500 ba. To, ka riga ka haura 2,400. A takarda ka ce ai ban kai 2,700 ba. Amma tirela ba ta tafiya lafiya sai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta yana kan wuya. Kashi 12 na 2,400 ya kai fam 288, ka riga ka tsallake 270. Kuma wannan 288 ɗin daga cikin 900 na motar ake cire shi, sauran 612 ke nan na kai da uwargida da yarinya da kujerarta da duk abin da ke but. Mutane kan ce to bari a mayar da kaya baya don wuyan ya yi sauƙi. Kada ka yi haka. Tirelar da gindinta ya fi wuyanta nauyi, da ka kai gudun babbar hanya sai ta fara kaɗa wutsiya, tana jan bayan motar hagu da dama, kuma abin ƙaruwa yake yi.

Ga kuma inda kake zaune. Yawancin fitar da za ka yi yamma daga Denver sai ka hau babbar hanyar I-70 ka ratsa ramin Eisenhower da aka huda a cikin dutse, wanda ke sama da ƙafa 11,000 daga teku. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar cusa masa ƙarin iska, irin naka ke nan, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka a can sama kusan sulusin ƙarfin motarka ya tafi. Bayan ramin kuma ga dogon gangare zuwa Silverthorne, inda birki ke yin zafi. Saboda haka ni shawarata, ka nemi wadda nauyinta ba kaya bai wuce fam 1,300 zuwa 1,500 ba, wadda in an loda ta za ta tsaya a wajen 2,000. In kuwa ranka ya kafe a kan babbar, to motar za ka canza. Toyota 4Runner tana jan wajen fam 5,000 zuwa 6,000 gwargwadon samfurinta, ita wannan lissafin bai dame ta ba sosai.

Sai kuma tambayar da ba a son amsawa da gaskiya: wace hanya za ka bi? Tsakanin cikin Outback da ƙasa inci 8.7 ne. Tirela kuwa ba ta zuwa inda motar da ke janta ba ta je ba. Mene ne amfanin biyan kuɗin inci 20 a ƙarƙashin tirela alhali motar da ke gaba za ta daki dutse tun kafin tirelar ta iso wurin? Hanyoyin duwatsun San Juan irin su Engineer Pass ba naka ba ne da wannan motar da tirela a baya, kuma ba ka yi asarar komai ba. Abin da za ka bi a zahiri shi ne hanyoyin burji na hukumar gandun daji da na BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya kimanin eka miliyan 245, mafi yawansu a yammacin ƙasar. A yawancin filayenta za ka yi zango kyauta har kwana 14. Irin hanyar Valley of the Gods a kudancin Yuta, mil 17 ta jar ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi, ita ce taku, kuma wallahi ta isa a yi tafiya dominta.

A irin waɗannan hanyoyi ba dutse ne abokin gaba ba. Gargada ce. Duk wanda ya bi hanyar burji a gida bayan damina ya san ta, ƙananan kunyoyin nan a jere da ke sa haƙora kaɗawa. A bidiyon talla za ka ga tirela tana hawa dutse a hankali, tayarta ɗaya a sama. Wannan minti biyu ne. Gargada kuwa awa uku za ta yi tana girgiza kowane noti da kowace waya da kowace walda, sau dubbai. Mafi yawan tirelolin da ake kawo mini a karye, ba faɗuwa suka yi ba. Jijjiga ce ta kwance su a hankali: madigadi ya tsage daga wurin da aka ɗaure shi, wayar birki ta goge a jikin ƙarfe, ƙofar kabad ta zube, batir ya tsinke igiyarsa. Hanyar Racetrack a Death Valley ta Kalifoniya, mil 27 daga ramin Ubehebe, ta yi suna wajen cinye tayoyi saboda wannan gargadar da tsakuwa mai kaifi. Mutanen Ostireliya sun riga kowa koyon darasin a irin hanyar Gibb River mai kilomita 660, shi ya sa kayan ƙafar tirela da suke ƙerawa suka yi fice.

Don haka ranar da za ka je gani, ka sa tsofaffin kaya, ka tafi da tocila da kwali, ka kwanta a ƙasa ka shiga ƙarƙashinta. Mai sayarwa zai so ya ja ka kicin. Ka ce masa sai anjima.

Fara da shasi. Ka ga ko ƙarfen bututu ne mai kusurwa huɗu, kuma ko wuyan ya zarce har ƙarƙashin ɗakin ko kuwa liƙa shi kawai aka yi a gaba. Wurin da wuya ya haɗu da jiki shi ne inda tsagewa ke fara fitowa. Walda mai kyau a jere take, sumul, ba dunƙule-dunƙule kamar kashin kaji ba. Ka bi wayoyi da idonka: suna cikin bututun roba? An sa musu zoben roba a inda suka ratsa ƙarfe? Tankin ruwa yana da faranti a ƙarƙashinsa da zai tare tsakuwa?

Ƙafar kuwa iri uku ce za ka tarar. Akwai tsohon sifirin mai falle-falle a kan aksil guda. Ana raina shi, amma in ya karye a ƙaramin gari za ka sami madadinsa a shagon kayan gona, kowane mai walda kuma ya iya shi. In an sa masa shokazoba, yana aiki sosai. Akwai aksil mai roba a ciki, irin Torflex na kamfanin Dexter, mai laushi a kwalta, ba ya bukatar kulawa, amma in ya lanƙwashe ba a gyara shi sai dai a sauya gaba ɗaya. Sai mai ƙafa kowace da kanta, ba ƙarfen da ya ratsa tsakiya, irin Timbren na Kanada ko Cruisemaster na Ostireliya. A gargada shi ya fi, musamman wanda ke da sifirin mai murɗi da shokazoba, sai dai ya fi tsada. Akwai wata dabara da ba a cika faɗa ba: kada ƙarfin ƙafar ya zarce nauyin tirelar da nisa. In aka sa ƙafar fam 3,500 a ƙarƙashin tirelar fam 1,500, ba za ta lotsa ba sam, sai tirelar ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, ƙwai ya fashe, kwanuka su haɗu da juna. Gare ka, ƙafar fam 2,000 zuwa 2,200 ta wadatar.

Birki ba abin ciniki ba ne. Dokar Kolorado ba ta tilasta shi sai tirela ta kai fam 3,000, Kalifoniya kuwa tun daga 1,500 a irin wannan tirelar, amma littafin motarka ya riga ya yanke hukunci a fam 1,000. Ka nemi mai birkin lantarki, a sa wa motar soket mai baki 7 da na'urar sarrafa birkin kusa da hannunka. Ranar da za ka sauko gangaren tsakuwa tirelar ta fara turo ka daga baya, ɗan maɓallin nan da za ka matsa ya kama tayoyinta su kaɗai shi zai miƙar da ku.

Maƙalar ja ta yau da kullum, ƙwallo mai inci 2, tana da iyakar karkata. In mota ta shiga kwari tirela tana tudu, ko ɗaya ta kwanta hagu ɗaya dama, sai ƙwallon ya cije. Masu juyawa ta kowace fuska, irin Max Coupler ko Lock N Roll ko DO35, sun magance wannan, kuma ba su da ƙarar ƙugiyar soja da ke bugawa duk lokacin da aka taka birki. A yawancin hanyoyinka ƙwallo zai ishe ka, amma wannan ƙari ne mai ɗan sauƙin kuɗi da ban taɓa ganin wanda ya yi nadamarsa ba.

Game da taya, manyan nan masu inci 33 ado ne a bayan Subaru, nauyi kawai za su ƙara maka da shan mai. Abin da ya fi amfani shi ne faɗin da ke tsakanin tayoyin tirelar ya yi kusa da na motar, don su bi sawun da motar ta riga ta take a rairayi ko laka. In wili da taya za su zo ɗaya da na motar, ka sami safaya biyu ke nan. Ka sayi ɗan famfon iska mai aiki da batir. Da ka sauka daga kwalta ka rage iskar taya zuwa wajen PSI 20 ko 25 a ma'aunin iska, mota da tirela duka, ka kuma rage gudu. Tirela marar nauyi da aka cika wa taya iska tam, ita ce ta fi kowace shan wuyar gargada. Kafin ka koma kwalta ka mayar da iskar. Ka kuma sa labulen roba a bayan tayoyin motar, domin tsakuwar da suke harbawa tana dukan gaban tirela ta dawo ta fasa gilashin baya. Na sha gani.

In ka fito daga ƙarƙashi, sai jikin ɗakin. Abu biyu ke cin sa, ruwa da ƙura. Murfin kicin yana rataye ne da dogon hinji da ya ratsa faɗin rufin, kuma nan ne ruwa ya fi samun hanya. Tirelar farko da na mallaka ta hannu ce, jikinta katako an lulluɓe da alminiyam, tana sheƙi kamar sabuwa. Bayan damina ɗaya na lura kusurwar kicin ta hagu tana ɗan warin rima. Na danna babban yatsa a katakon, sai ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Da na ɓare alminiyam ɗin, ruɓar ta gangara tun daga ƙarshen hinjin har ƙasan bango, tsawon kamu uku, katakon ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. Ruwan ya shekara yana shiga ta ramin kusa guda ɗaya da robarsa ta bushe. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Mako uku na yi ina sauya bangon. Katako ba laifi ba ne in an rufe shi da kyau ana kuma duba shi, amma masu jikin faiba da aka zuba a dunƙule, ko falle marar katako a ciki, sun rage wannan damuwar ƙwarai. A kusa da kai akwai masu ƙerawa da za ka iya zuwa ka gani da ido: Timberleaf a Grand Junction ta Kolorado, Bean a Salt Lake City, Escapod a Coalville ta Yuta. A watan Mayu kuma ana yin baje kolin Overland Expo a Flagstaff ta Arizona, inda za ka ga iri-iri a fili ɗaya ka shiga ka kwanta a kowace.

Ƙura kuwa, bayan tirela yana zuƙo ta ne kamar yadda bayan motar haya ke yi a hanyar ƙauye. In robar murfin kicin ba ta kama da kyau ba, za ka isa zango ka tarar da kofuna da cokula sun yi ja kamar an bar taga a buɗe da hunturu. Gwajin mai sauƙi ne. Ka sa takardar dala a bakin murfin ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, ƙura ma za ta shiga. Ka yi haka a wurare biyar ko shida kewaye da murfin da ƙofofin.

Yanzu maganar zama a cikinta, wadda na fi so ka tattauna da uwargida kafin kuɗi su fita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba a tsayuwa a cikin wannan tirela. Gado ne mai rufi da ƙofa. Mai faɗin ƙafa 5 tana ɗaukar katifa mai inci 60 da 80, ta ishi mutum biyu da yarinya 'yar shekara 3 a tsakiya, amma nan da shekara uku ba za ta ishe ku ba. Wasu suna da ɗan gadon yaro a gicciye ta wajen ƙafa, ka tambaya. Tantin kan rufi yana warware matsalar wuri, sai dai yana ɗora fiye da fam 100 a can sama, abin da motarka ba ta da sararinsa. Babu banɗaki. Girki a waje ake yi, ko ana ruwa ko ana iska. Kuma ba a barin kowa a cikinta in ana tafiya, ko na minti ɗaya.

Mu kuma muna da bukatun da mai ƙerawa bai yi tunaninsu ba. Salla a waje za ka yi ta, don haka rumfa ta gefe mai bango ɗaya ko biyu ta fi maka amfani fiye da duk wani kayan ƙawa. Ka haɗa da tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashin darduma, domin ƙasar can tsakuwa ce da ƙaya. Alƙibla daga Kolorado arewa maso gabas take, ni nakan juya tirelar ta tare mini iska ta wannan fuskar tun lokacin da nake fakin. Ruwan alwala da na tsarki ya sa lissafinmu ya fi na maƙwabta: in su suna ƙiyasta galan ɗaya ga mutum a rana, kai ka ninka. Da asuba a kan tudun ƙafa 9,000 ruwan tanki yana yanka hannu ko a watan Yuli, sai ka cika fulas da ruwan zafi tun dare. Ɗan tantin kewaye mai naɗewa, da bokitin bayan gida mai leda, da buta, su ne za su sa maiɗakinka ta yarda a sake fita karo na biyu. A kewayen garin Moab na Yuta doka ce ma mutum ya kwashe bayan gidansa ya fita da shi. A sauran wurare, a nisanci rafi da ƙafa 200.

Wuta ba ta da wuya. Firjin 12V shi ne babban mai ci, kuma shi ne zai ba ka damar tafiya da naman halal daga gida na kwana huɗu ko biyar. Batirin lithium na 100Ah da faifan sola na wat 100 zuwa 200 sun isa firji da fitilu da fanka da cajin waya. Lithium bai kai rabin nauyin batirin dalma ba, kuma kusan duk abin da ke cikinsa za ka iya sha, shi kuwa na dalma rabi ake sha a tsaya. Amma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa, sai ka nemi mai ɗumama kansa ko mai katse cajin da kansa. Wayar soket ɗin mota ba ta cika shi da kyau, a sa masa cajar da ake kira DC-DC. Fankar rufi wajibi ce. Mutum uku a cikin akwati rufaffe, kafin asuba numfashinsu ya jiƙa bango da ƙasan katifa. Ka bar taga a ɗan buɗe ko ana sanyi. Abu guda kuma da nake roƙonka don Allah: kada murhun gas ko gawayi ko hitar da ba ta da bututun fitar da hayaƙi ta shiga ɗakin kwanan nan. Iskar da ke kashewa ba ta da wari, ɗakin kuma ƙarami ne ƙwarai. Ka manna na'urar gano ta a bango, kuɗinta bai kai na cin abincin dare ɗaya a gari ba.

Kolorado ƙasar baƙaƙen beyar ce, manyan namun dajin nan masu bin ƙamshin abinci, kicin ɗinka kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da kan 'yarka. A goge murhu, a kulle murfi, shara da abinci mai ƙamshi su kwana a cikin mota a rufe ko a akwatin ƙarfe in wurin yana da shi. Da rani ana yawan hana hura wuta a daji, amma galibi ana barin murhun gas mai makunni.

Wajen saye, kada ka fara da saye. Ka yi hayar irinta a shafin intanet na Outdoorsy ko RVshare na kwana biyu, in son samu ne a ƙarshen makon da aka ce za a yi ruwa. Abin da za ku koya a daren nan ya fi duk abin da na rubuta. In kun dawo kuna so, ka leƙa kasuwar na hannu. Mutane da yawa sun saya a lokacin korona, suka yi fita uku suka ajiye, kuma irin waɗannan suna fitowa da sauƙin kuɗi. Hakan zai iya raba ka da bashin banki mai kuɗin ruwa na shekara goma a kan abin da darajarsa ke raguwa kullum. A ta hannu, ka sa hanci a cikin kabad, ka danna kusurwoyin ƙasa, ka ɗaga kowace taya da jak ka juya ta ka girgiza, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara 6 a sauya ta ko da zanenta bai goge ba. Lambar shasi ta dace da ta takardar mallaka. In sabuwa za ka sa a ƙera maka, ka sani yawancin masu yin su ƙananan kamfanoni ne, jira yakan kai watanni, saboda haka kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan, ranar bayarwa kuma a rubuce. Ka nemi a auna maka ita a sikeli a gabanka. Ka kuma auna tsayinta da fankar rufi da komai, domin ƙofar gareji ta yau da kullum ƙafa 7 ce, unguwanni da yawa ba sa barin a ajiye tirela a ƙofar gida, ƙanƙarar da ke sauka a Denver da bazara kuwa tana lotsa alminiyam.

Riƙonta ba shi da yawa, amma ba ya son mantuwa. Boris shi ne kan gaba: a wanke a sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000, in kana shiga ruwa da ƙura kuma fiye da haka. Cibiyar taya mai zafi in ta faɗa ruwan sanyi sai ta zuƙo ruwan ciki, giris ya koma kamar kunu. Duk tsayawar da na yi shan mai, nakan zaga in ɗora bayan hannuna a kan cibiyoyin biyu. Ɗumi ba komai. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ba na ci gaba sai na buɗe. Ka riƙa tafiya da saitin boris guda da aka riga aka cusa wa giris a cikin leda, da sil, da filaya, da guduma. Notin taya a sake ɗaure su bayan mil 50 na farko duk lokacin da aka cire wili. Bayan kowace doguwar gargada ka bi notin ƙafa da na madigadi da sifana. Sau biyu a shekara ka duba robar hinji da ta fanka da ta tagogi. Kafin sanyin Oktoba ka zubar da ruwan tanki da na bututu kaf.

Ribas kuma sai ka koya, domin gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa. Ka je filin fakin da ba kowa da safiyar Lahadi, ka riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa nan gindin tirelar zai nufa, kaɗan-kaɗan. A daji, in hanya ta fara ƙuntata ba ka san gabanta ba, ka tsaya ka taka da ƙafa ka gano wurin juyawa kafin ka shiga. In ta ƙure, tirelar fam 2,000 a wuri mai shimfiɗa ana iya kwance ta mutum biyu su juya ta da hannu, bayan an tare tayoyin da dutse. A gangare kada a gwada. In kuma hadari ya haɗo kana kan jar ƙasar Yuta, ka fita tun kafin ya sauka, domin yumɓun can in ya jiƙa yana naɗe taya ya cika madigadi har ta daina juyawa, kamar lakar fadama.

Da ni ne kai, da wannan motar da wannan iyalin, zan nemi ta hannu mai faɗin ƙafa 5, nauyinta kusa da fam 1,400, mai birkin lantarki da shokazoba da taya daidai da ta Subaru, in sa mata rumfa da maƙala mai juyawa. Fitar farko zan loda ta yadda za mu tafi da gaske, ruwa da abinci da kowa a cikin mota, in tsaya a sikelin CAT na tashar manyan motoci in auna, sau ɗaya da tirelar a ɗaure, sau ɗaya a kwance. In ka samu lambobin, ka aiko mini da su tare da hoton takardar jikin ƙofar, mu duba tare kafin ku hau I-70. A gaida uwargida da 'yar ƙarama.